Lasisin Baba Mai Agogo

Ranar da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo da bokitin fenti suna shata layi a gaban shaguna, Baba Mai Agogo yana tsakiyar canza wa wani agogo batir, ko kai bai ɗaga ba. Sai da ɗayansu ya ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafarka," sannan ya ga rawayan layi ya kewaye teburinsa, an kuma dangwala lamba goma sha bakwai a gefe.

"Tun da raina za ku auna mini kabari?" in ji Baba.

Ma'aikacin ya yi dariya, ya miƙo masa fom. Ya ce daga ƙarshen wata duk mai kasa kaya ko mai sana'a a gaban shago sai ya mallaki lasisi. Hoto ake so, da katin shaida, da sa hannun mai shagon cewa ya yarda. Wanda ya haura shekara goma a wuri shi za a fara ba, sababbi kuwa sai abin da ya rage.

Mai Makulli, wanda ke yanka makullai a gaban kantin magani na kusa, ya yi tagumi yana juya nasa fom ɗin. "Kai ka huta, Mai Agogo. Mai shagonka ɗan cikinka ne. Ni wannan mutumin nawa sai na yi mako ina gaishe shi har ƙasa."

Gaskiya ne, shagon wayoyin da ke bayan teburin na ɗansa ne, wanda duk layin ke kira Manaja. Shago ne mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Teburin ya girme shi nesa ba kusa ba, don shekara talatin da ɗaya ke nan Baba yana zama a wurin, da akwatinsa mai murfin gilashi, da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki, da 'yan sukudireba sirara kamar tsinke. Agogo ya ja baya tun da waya ta zo, amma ana kawo masa tabarau da ƙafarsa ta fita, da tocila, da rimot, da madaurin da ya tsinke. Bai taɓa wuni hannu rabbana ba.

Manaja ya karɓi fom ɗin da hannu biyu. "Haba Baba, kai da bin layi a ofis ina raye? Kawo, ni zan yi komai." Ya tsayar da shi jikin farin bango ya ɗauke shi hoto da waya, ya karɓi katin shaidarsa, ya nuna masa inda zai sa hannu. Baba ya koma kan kujerarsa yana jin daɗi, har ya ce da Mai Makulli ya kawo nasa fom ɗin ma a haɗa.

Da wata ya ƙare, Manaja ya ce takardar ba ta fito ba. "Ka ɗan zauna a gida kwana biyu, Baba. Ba na so su zo su ci maka mutunci a gabana." Shi da kansa ya kinkimi teburin ya cusa a bayan mota.

Kwana biyu suka zama mako. Da farko babban jami'in ne ya yi tafiya. Da ya dawo, kwamfutarsu ta lalace. Da aka gyara ta, sai aka ce fayil ɗin yana hannun kwamiti. Kullum da safe Baba yakan shirya, ya sa hularsa, ya zauna a falo yana jiran Manaja ya fito, shi kuma ya fito yana magana a waya, ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Surukarsa, matar Manaja, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Da ladabinta take durƙusawa ta ajiye masa abinci. "Baba, ai hutu ne Allah ya kawo maka. Sa'o'inka duk suna gida." Da ladabin dai ta ja teburin zuwa ƙofar kicin ta ɗora masa baho da tukwane, wai kafin takarda ta fito. Da ladabin ta fara cewa, "Baba, tunda kana nan, in mai gyaran famfo ya zo ka tsaya a kansa," in za ta fita kuma, "Baba, ga makullin get." Kafin a cinye mako uku, duk motar da ta yi ham a waje Baba ne ke tashi da gudu-gudu ya buɗe. Wata baƙuwa ma ta taɓa miƙo masa jakarta ta ce ya shigar mata ciki.

Abin da ya fi damunsa agoguna tara ne na mutane da ke cikin akwatinsa. Duk ya gama gyara su, masu su ba su san inda yake ba. Kowace safiya sai ya fito da su ya goge, ya daidaita lokacinsu, ya mayar.

A mako na biyar Manaja ya zauna kusa da shi, ya kashe talabijin. "Baba, an hana. Sun ce gyara ba ciniki ba ne, ba ya cikin tsarinsu. Na yi iya ƙoƙarina wallahi. Amma tsakani da Allah, shekarunka saba'in da ɗaya. Me ka nema ka rasa a gidan nan?"

"Mai Makulli fa? Shi yanka makulli ciniki ne?"

"Kowa da sa'arsa, Baba."

Kwana biyu bayan haka Mai Makulli ya zo dubiya, don an ce masa Baba ba shi da lafiya. Ya tarar da shi garau yana ba shukoki ruwa. Suka zauna a inuwar katanga.

"Malamar nan mai ritaya ta zo sau uku," in ji Mai Makulli, "wadda ta kawo agogon marigayi mijinta. Jiya har da kuka. Ɗan Gayu ya ce mata tsohon ya daina, shi bai san inda yake ba."

"Wane Ɗan Gayu?"

Mai Makulli ya shiga sosa ƙeya. Da ƙyar ya faɗa. Ƙanin matar Manaja ne, mai tsukakken wando da baƙin tabarau. Tun washegarin da aka ɗauke teburin Baba, yaron ya kafa nasa a cikin rawayan layin, yana sayar da rigunan waya da caja da abin sawa a kunne.

Da Manaja ya dawo Baba ya tare shi a bakin get, bai buɗe ba sai da ya tambaye shi. Manaja ko gezau. "Kar wurin ya zauna haka nan wani bare ya ƙwace ne, Baba. Ai duk gida ne. Da shi da kai mene ne bambancin?"

Baba ya buɗe masa get ɗin. 

Washegari ya rataya akwatinsa, ya ɗauki 'yar kujerar roba, ya hau motar haya. Bai je gaban shagon ba, don a saninsa ba shi da hurumi a nan. Ya zauna a bakin tasha, a farkon layin, ya ɗora akwatin kan gwiwa. Mai Makulli ya baza labari. Rana ta farko mutum uku suka zo suka karɓi nasu. Rana ta biyu Malamar ta zo, ta kara agogon a kunnenta, ta ji yana tafiya, sannan ta dube shi. "Allah ya yafe mini, Baba. Na zaci ka gudu da shi." Wannan maganar ta tsaya masa a rai har yamma.

Rana ta uku motar ƙaramar hukuma ta tsaya ƙiii a bakin tashar. Masu lemo da masu safa suka watse da tirensu. Baba ba shi da ƙafar gudu. Wani dogon jami'i mai littafi a hammata ya tsaya a kansa.

"Lasisi."

"An hana ni."

"To ka san doka ke nan."

Suka fizge akwatin. Baba ya riƙe madaurin, aka ja shi taku uku kafin hannunsa ya saki. Suka wurga shi bayan mota kan baro da kwanduna, ya ji ƙarar tsagewar gilashin da kunnensa. Agoguna biyar na mutane suna ciki.

A gida Manaja ya riga ya samu labari, har wani ya turo masa hoton abin a waya. "Ka ga abin da nake gudu? Duk layi ana cewa uban Manaja ne ake ja a titi. Ka zubar mini da mutunci, Baba." Da Baba ya ce ya raka shi ofis a karɓo akwatin, sai ya ce, "Bar musu. Tarkace ne. Masu agogon su zo in saya musu sabo." Surukar ta kawo ruwan zafi ta gasa masa wuyan hannu, tana cewa, "Da ka ji maganar ɗanka, Baba, ai da duk haka ba ta faru ba."

Shi kaɗai Baba ya je ofishin. Ya yi awa uku a kan benci cikin masu baro da masu shayi, kowa da takardar kamu a hannu. Da layi ya zo kansa, wata akawu mai tabarau ta karɓi katin shaidarsa ta buga sunansa a kwamfuta. Ta dubi allon, ta dube shi, ta sake duban allon.

"Baba, me ya kai ka bakin tasha alhali kana da wurinka?"

"Wane wuri, 'yata? An hana ni."

Ta juyo masa allon. Ga shi nan tsaye jikin farin bango, hularsa ta ɗan karkace, yana murmushi. Fili mai lamba goma sha bakwai. Sana'a: gyaran agogo da kayan waya. Ta ce kwana uku da kawo fom aka amince, don yana cikin tsofaffin wuri, ba a ma kai shi kwamiti ba. Ta nuna masa sa hannun wanda ya karɓi katin. Baba ya san sa hannun, shi ya saya wa mai shi biron da ya koyi yin sa.

Ya nemi bango ya jingina. Akawun ta sa aka kawo masa kujera. Ta ce lasisin ba a aro, ba a haya, mai hoton shi ne mai zama. In yana so ya rubuta ƙorafi, za a ci mai shagon tara, ana ma iya garƙame shagon.

"Ban zo kai ƙarar kowa ba," in ji Baba. "Ki ba ni takardata, ki ba ni akwatina."

Ta buga masa kwafi, ta dangwala hatimi, ta rubuta gargaɗi a madadin tara. A ɗakin ajiya ya tono akwatin daga ƙarƙashin wata lema. Gilashin ya tsage gida uku, amma agogunan suna nan.

Da safe, bayan Manaja ya fita, Baba ya je ƙofar kicin. Ya sauke bahon, ya sauke tukwanen ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙasa, ya goge maiƙon da ya ɓata saman teburin.

"Baba, ina za ka da teburin?" in ji surukar.

"Aiki."

"Ya sani?"

"Zai gani."

Ya tsayar da mai kura aka ɗora, ya bi shi a baya da akwati a kafaɗa. Da suka shigo layin shagunan, Mai Makulli ya kashe injinsa. Mai kantin magani ya leƙo. Ɗan Gayu yana zaune ya harɗe ƙafa, yana latsa waya.

"A'a, Baba! Sannu da zuwa. Ya jikin?"

"Matsa."

"Na'am?"

"Ka ji ni. Ja teburinka."

Ɗan Gayu ya faɗa shago da sauri. Manaja ya fito yana murmushin dole, ya riƙo hannun Baba, ya rage murya. "Mu shiga ciki, Baba, akwai sanyi. Mu yi magana."

"A nan aka yi abin, a nan za a yi maganar." Ya zaro takardar daga aljihu ya buɗe ta a gabansa.

Fuskar Manaja ta sauya. Ya waiga hagu da dama, ya ga idanu sun taru. Maganganu suka shiga zubo masa ba tsari. Yaron nan ya gama jami'a shekara huɗu ba aiki, yayarsa ta hana shi Manajan sakat a gida. In an nema da sunan yaron ba za a ba shi ba, sabo ne. Kuma masu sayen manyan wayoyi in sun zo suka ga tsoho da tarkace a bakin ƙofa, wasu har tambaya suke ko maigadi ne. "Nawa kake samu a nan, Baba? Na rantse zan riƙa ba ka ninki biyu kana kwance. Don kai na yi. Hutu nake so ka yi."

"Da ka ce mini, Baba ina jin kunyarka, da na ji zafi amma na san da wa nake magana," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, amma har mai kantin magani ya ji. "Sai ka tsayar da ni jikin bango ka ce in yi murmushi. Ka ɗauki fuskata da shekaruna talatin da ɗaya ka ba wani. Ni kuma ka mai da ni mai buɗe get. Aka ja ni a titi kan rashin takarda, alhali takardata tana nan a ƙofarka, kuma ka dube ni ka ce ni na zubar maka da mutunci."

Ana cikin haka sai ga dogon jami'in nan da littafinsa, yana zagayen safe. Ya gane Baba, ya haɗe rai. Baba ya miƙa masa kwafin. Jami'in ya karanta, ya sunkuya ƙarƙashin teburin Ɗan Gayu ya ciro katin asali da ke rataye cikin leda. An manna takardar tallan caja daidai kan hoton. Ya ɓamɓare ta da farce.

"Kullum na zo sai a ce mai wurin ya zaga," in ji shi, yana kauce wa idon Baba. Ya juya ga Ɗan Gayu. "Minti biyar. In na dawo na tarar da tsinkenka a cikin layin nan, yana bayan mota."

Ɗan Gayu ya shiga kwasar kaya cikin shago yana ƙunƙuni. Mai kura ya sauke teburin, Mai Makulli ya kama gefe suka daidaita ƙafafunsa. Baba ya ɗora akwatin, ya rataye katin a gaba inda kowa zai gani.

Manaja ya matso daf da kunnensa. "Sa hannuna na shekara ɗaya ne, Baba. Ranar da ya ƙare, wallahi ba zan sake sawa ba. Kuma ka yi tunanin yadda za ku zauna gida ɗaya da ita bayan ka tozarta ƙaninta."

"Yadda muke zaune. Sai dai ku nemi mai buɗe get." Ya maƙala madubinsa a ido. "Na tambayi akawun. Ta ce in mai shago ya ƙi sa wa tsohon wuri hannu, kwamiti ke kiransa ya faɗi dalili a gaban mutane. Kana da wata goma da 'yan kwanaki. Ka nemo dalilin da za ka iya faɗa da ƙarfi."

Ba a kore shi daga gidan ba. Korar uba abu ne da maƙwabta ke gani, su kuma mutanen gidan ba sa son abin da ake gani. Abinci dai ana ajiye masa a ƙofar ɗaki, ba durƙuso, ba sannu. Dangi suka yi ta kiran waya, kowa da tasa nasihar. Wai babba shi ke haƙuri. Wai bai kamata a kai maganar gida titi ba. Wai yaron nan ai niyyarsa mai kyau ce, hanyar ce kawai ya kuskure. Babu ko ɗaya da ya kira Manaja ya tambaye shi yadda aka yi mutum ya saci sunan ubansa ubansa na raye. A bakinsu duka mai laifin shi ne tsohon da ya ƙi a ajiye shi. Baba yakan saurara har su gama, ya ce ya gode, yana da aiki a hannu.

Motar Manaja ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Shi ke fita da sassafe ya hau ta haya, ya riga kowa isa layin. Ƙarfe tara Manaja ke zuwa, kuma ba wata hanyar shiga shagon sai ta gefen teburin. Ranar farko ya wuce kansa a ƙasa yana yi kamar yana waya. Baba ya bari sai da ya sa makulli a ƙofa, sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Manaja! Ina kwana?"

Injin Mai Makulli ya tsaya. Masu jiran mota suka waigo. Manaja ya tsaya da makulli a hannu, ƙeyarsa na naso. Daga ƙarshe ya juyo, ya ɗan russuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau," in ji Baba. "Buɗe shagonka."

Haka yake yi masa kowace safiya, bai taɓa fashi ba.